Tsoron Annoba Ya Raba Ni da Abinci

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Tun da aka fara maganar murar tsuntsaye abinci ya fita daga raina. In na zauna gaban kwano sai in ji maƙogwarona ya ɗaure, loma biyu na ture. Maigidana kuwa akasin haka, cikin dare yake tashi neman kayan zaƙi, har ya fara ajiye teɓa. Na kuma daina ba yara ƙwai da kaza saboda wani saƙon murya da aka turo mini a WhatsApp. Wani ciwo ne ya kama mu?
Daga wata uwa mai 'ya'ya uku

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da ke damun ki da abin da ke damun maigidanki tushensu ɗaya, fargaba. Idan mutum ya tsorata, jiki na sakin sinadarin adirenalin, jini ya karkata zuwa zuciya da gaɓoɓi, aikin ciki ya ja baya, baki ya bushe. Shi ne ɗaurewar maƙogwaron da kike ji. In kuma tsoron ya daɗe, wani sinadari mai suna kotisol ke yawaita, shi kuma kwaɗayin zaƙi da maiƙo yake tayarwa. Rashin barci yana ƙara rura wannan yunwa, kuma na tabbata mai bin labarin annoba a waya har tsakar dare ba ya samun barcin kirki.

Amma abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne ƙwan yaran. Mai tsoro yana neman abin da zai ɗora wa laifi, abinci kuma shi ne mafi kusa da hannu. A 2011 da cutar E. coli, mai haddasa gudawa, ta ɓarke a Jamus ta kashe mutum fiye da 50, kokwambar Sifaniya aka fara zargi. Mutane suka ƙaurace mata, manoma suka yi ta zubar da amfaninsu, daga baya bincike ya nuna tsiron hulba ne ya yaɗa cutar. A 2014, lokacin Ebola, jita-jita ta sa mutane a Najeriya shan ruwan gishiri wai don kariya daga cutar, har aka rasa rayuka. Ebola ba ta san da gishiri ba, amma mai hawan jini ya sani.

Saboda haka kafin ki cire wani abu daga abincin gidanki, ki tambaya: ta wace hanya cutar take shiga jiki? Murar tsuntsaye galibi tana kama masu taɓa tsuntsu marar lafiya ko mushe, ko masu share kashinsu. Zafin da ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos yana kashe ƙwayar cutar. Ki dafa kaza har ki tsaga ta kusa da ƙashi ki ga babu ja, ki dafa ƙwai har gwaiduwar ta yi tauri. Ki wanke hannu da wuƙa da katakon yanka da sabulu bayan kin taɓa ɗanyen nama, kada kuma a yanka kazar da ta nuna alamar ciwo. Yaro mai girma yana bukatar abinci mai gina jiki, kuma wanda ba ya samunsa ya fi saurin faɗuwa in ciwo ya zo. Don Allah ki mayar musu da ƙwansu.

Ke kuma kada ki jira sai kin ji yunwa, domin ba za ta zo da wuri ba. Ki tsayar da lokutan ci, ki ci kaɗan-kaɗan, ki zauna tare da yaran, wayar kuma tana wani ɗaki. Maigida ya ci abincin dare ya ƙoshi, a rage ajiye kayan zaƙi a gida. In aka kai mako 2 kina ramewa ko barci ya gagare ki, ki je asibiti a duba ki. In shi kuma yana da ciwon sukari, ya auna jininsa a wannan makon.