Amsa ga ɗan'uwanmu mai shirin zuwa Emirates a Disamba

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce za ka zo Landan a Disamba, kana son ka ga Arsenal a filin wasansu na Emirates, kuma wani ya ce yana da tikiti, ka tura kuɗi ya turo maka ta WhatsApp. Kada ka tura ko sisi. Ramin da na faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wanda ya cuce ni ma ba baƙo ba ne. Ɗan garinmu ne, mun sha cin tuwo kwano ɗaya a nan, yana kira na Yaya. Ya ce abokinsa na da tikitin shekara kuma ba zai je ba, in kawo fam 150. Na ba shi. Ya turo min hoton tikiti. Hoto kawai! Ni kuma sabon zuwa, ban san cewa tikitin gidan a cikin waya yake zama ba, sai ka kara wayar jikin na'ura sannan ƙofa ta juya. Na sa sabuwar rigata, na ɗauki hoto a gaban gunkin tsohon ɗan wasan Arsenal Thierry Henry, na tura gida Kano, har ƙannena suka baza wa duniya. Na shiga layi. Na kara waya, shiru. Na sake, shiru. Mutane a bayana sun fara tsaki. Wani ma'aikacin filin ya ja ni gefe, ya kalli hoton, ya kalle ni. Irin kallon tausayin nan ya fi min ciwo a kan a ce zagi na ya yi. Na kira mutumina sau goma sha, waya a kashe. Ina tsaye a waje, sanyi na ratsa ƙashina, sai na ji filin ya ɗauka gaba ɗaya, an ci ƙwallo. Mutum dubu 60 na ihu a ciki, ni ina jingine da bango kamar maraya, ƙanena na tambaya ta ko na ga yadda ta shiga. Ban amsa ba. Me zan ce?

Bayan wata biyu muka haɗu a wajen wani suna. Ya miƙo min hannu yana dariya, wai shi ma cutarsa aka yi. To ina kuɗin? Wai in yi haƙuri. Manya suka sa baki, a bar maganar saboda zumunci. Zumuncin da bai hana shi ba, shi zai hana ni? Na bar shi da Allah.

To, hanya ɗaya na yarda da ita yanzu: ka yi rajistar zama mamba a shafin kulob ɗin da sunanka, wadda suke kira Red. Ita ke ba ka damar shiga ƙuri'ar tikiti, kuma ita ke buɗe maka Ticket Exchange, inda masu tikitin shekara ke mayar da kujerunsu in ba za su je ba. Ta nan na samu nawa daga baya, kwana biyu kafin wasa, bayan na kusa cinye batirin waya da sabunta shafi. Kuma ka rage buri. Wasan Tottenham ko Chelsea ko Manchester United, cire shi a ranka. Nemi ƙaramar ƙungiya, ko wasan kofin Carabao. Waɗanda za su tare ka a hanya suna raɗa maka tikiti, ka sani tun 1994 doka ta hana sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba. In komai ya ƙi, akwai zagayen filin da ake biya a ranakun da babu wasa, ka ga ɗakin canza kaya, ka zauna a benci.

Kada ka yanki tikitin jirgi a kan ranar da ka gani a jadawalin da ya fito tun watan Yuni. Gidajen talabijin na ɗaga wasan Asabar su kai shi Lahadi, wani lokaci har daren Litinin. Ka ba kanka daga Juma'a zuwa Talata.

Zuwa filin ba wuya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly daga Heathrow har tashar Arsenal yake kai ka, ba sai ka canza ba. Amma ni Finsbury Park nake sauka, don masallaci na nan kusa, kuma a titin Blackstock akwai gidajen abincin 'yan Aljeriya, halal, ka cika cikinka kafin ka shiga. Maganar salla ka lissafa ta da kyau, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, wato wasan ƙarfe 3 Magariba a cikin fili za ta same ka. Ka yi Azahar da La'asar, ka riƙe alwala. In kana da sauran lokaci ka bi ta Highbury, tsohon filin Arsenal, tafiyar 'yan mintuna ce. Gidajen kwana ne yanzu, tun da aka tashi a 2006, amma fuskar ginin na nan. Na daɗe tsaye a wurin ina tuna Kanu, saboda shi da yawanmu muka kama wannan wahalalliyar soyayya tun 1999, muna biyan kuɗin gidan kallo da kuɗin tara.

Kada ka ɗauko jakar goyo, ba za ta shiga ba. Kuɗin takarda ma ba sa karɓa a ciki, kati kawai. Wayarka ta cika da caji tunda ita ce tikitin. Safa biyu, hular sanyi, riga a ƙarƙashin rigar kulob. Hunturunmu wasan yara ne a kan wannan. In kana tare da abokin da ke goyon bayan ɗaya ƙungiyar, ka ja masa kunne kada ya yi tsalle in sun ci, fitar da shi za a yi. Bayan tashi kada ka yi rububin tashar Arsenal, taka zuwa tashar Highbury & Islington ka hau layin Victoria.

Wanda ya yi maka tayin nan, ka tambaye shi ko zai tura tikitin zuwa asusunka na mamba ta shafin kulob. In ya fara kame-kame, ka gaishe shi. Nawa mutumin jiya ma na gan shi ya sa hoto da sabuwar mota.