Amsar tambayarki kan zaman makoki

Ɗiyata saƙonki ya iso, sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai tunda lokacin korona ta waya aka yi ta yin ta'aziyya kuma ba abin da ya ragu, me zai hana a bar zaman makoki gaba ɗaya kowa ya tura saƙo daga ɗakinsa. Ke wa ya ce miki ba abin da ya ragu?

Ban ce an yi laifi a 2020 ba fa. Annoba ce, har Umra aka dakatar, Hajjin shekarar ma 'yan tsiraru ne suka yi, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce in annoba ta sauka a gari na waje kada ya shiga, na ciki kada ya fita. Ko sahabbai ba ta bari ba, ta Amwas a ƙasar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira ta tafi da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Lalura ce, amma abin da aka yi dan dole ai ba a mayar da shi ɗabi'a.

Kinsan muna da ƙane da baki taɓa gani ba, tsakanina da babanki yake. Kwalarar 1971 ce ta ɗauke shi, da safe ya fara amai da gudawa, kafin wata safiyar ya cika, haka take yi in ruwan jiki ya ƙare. Daga inda ake kwantar da masu cutar aka wuce da shi makabarta, maza kaɗan suka yi masa sallah, Inna ko fuskarsa bata gani ba, aka ce kuma kada a taru. Gida ya yi tsit, ba mai sallama. Inna ko hawaye bata yi ba, ta wanke kayansa ta ninke, in magariba ta yi sai ta ce a leƙa ko ya shigo, mu yara mu yi ta kallon juna mun rasa abin cewa, Baba kuma sai ya fice.

Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zo da tabarmarta, bata shigo ba, daga bakin ƙofa ta shimfiɗa ta zauna ta ce, ya aka yi ne? Inna ta fara tun daga safiyar, tana zuwa inda aka fita da shi kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa ji ba. Washegari tsohuwar ta dawo ta sake tambaya kamar bata ji ba, jibi ma haka, har na ji haushi nace Iya ai an faɗa miki. Ta ce yarinya, labarin mutuwa sai an faɗa an sake faɗa kafin mai shi ya ji shi. Daga nan Inna ta daina cewa a leƙa.

To aikin zaman kenan. Kowa ya shigo ya ce ya haƙuri, ya tambayi ciwon, ki maimaita, ki sake maimaitawa har zuciya ta yarda da abin da baki ke faɗa. Addini ma bai ce a yi ta zama ba iyaka ba, kwana uku ne, sai matar mamaci mai takabar wata 4 da kwana 10. Kuma da sahabi Ja'afar ya yi shahada a yaƙin Mu'uta cewa Manzon Allah (SAW) ya yi a yi wa iyalinsa abinci, ba su za su yi wa mutane hidima ba, wannan kam mu ma manya mun juya shi, ana barin masu rashi da ɗawainiya da bashi.

Ku kuma yanzu hoton mamaci yana yawo a WhatsApp tun uwarsa bata ji ba, addu'ar ma kwafowa ake a manna, wanda ya zo kuma kansa na kan waya. Kakata cewa take zumunci a ƙafa yake. In nisa ne ko cuta, to ki kira da murya ki bari ta yi magana, Najashi sarkin Habasha ma da ya rasu daga nesa aka yi masa sallah.

Matar kawunki cikin kullen korona ta yi takabarta ta gama, ba wanda ya zauna da ita, har yau in aka ambaci sunansa tashi take ta bar wajen. Ran Juma'a ki zo ki ɗauke ni mu je, ke zaki tambaye ta ya aka yi.