Yadda Fiji ta tashi daga zangon jirage ta koma wurin hutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji a rediyo an ce baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido ƙasar Fiji a shekara sun fi 'yan ƙasar yawa. Da na duba taswira da ƙyar na gano ta, wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne a tsakiyar teku. Yaya aka yi wuri mai nisa haka ya samu wannan kasuwa? Ko kyan wurin ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne. Ƙidayar 2017 ta nuna mutanen Fiji 884,887 ne, baƙin da suka shiga ƙasar a 2019 kuwa 894,389, a 2023 ma sun haura 929,000. Amma maganar kyau ka ajiye ta gefe tukuna. Tekun Pasifik cike yake da tsibirai masu farin yashi da itatuwan kwakwa, waɗanda ko kashi ɗaya cikin goma na waɗannan baƙi ba sa gani. Abin da Fiji ta fi su da shi tun farko shi ne tana bakin hanya. Wanda ya san tarihin fatake ya san garin da ayari ke yada zango shi ke samun kasuwa, ko da rijiyarsa ba ta fi ta maƙwabta daɗin ruwa ba.

Da farko ma gudun wurin ake yi. Abel Tasman ɗan ƙasar Holan ya gifta ta gefen tsibiran a 1643. William Bligh, wanda ma'aikatan jirginsa suka yi wa tawaye, ya ratsa tsakiyarsu cikin ƙaramin kwalekwale a 1789, bai yarda ya taka ƙasa ba. Duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa suna farfasa jirage, ga kuma sunan da Turawa suka laƙaba wa wurin, wai tsibiran masu cin naman mutane. Waɗanda suka fara zuwa da gaske 'yan neman itacen sandal ne, sai masu farautar kifin whale da 'yan mishan. A ranar 10 ga Oktoba 1874 Cakobau da sauran sarakuna suka miƙa ƙasar ga Birtaniya, a 1882 kuma hedikwata ta tashi daga Levuka, garin da dutse da teku suka matse, ta koma Suva mai faffaɗar tashar ruwa.

Nan zangon ya kafu. Jiragen ruwa masu tururi da ke tashi daga Sidni da Okland zuwa Honolulu da Bankuba ta Kanada suna tsayawa Suva, fasinja su sauko su miƙe ƙafa. Wani kamfanin jiragen ruwa na Niyu Zilan, Union Steam Ship, ya gina musu otal ɗin Grand Pacific, aka buɗe shi a 1914. An tsara ɗakunansa kamar na manyan fasinja a cikin jirgi, har da wurin wanka da ruwan teku. Ka ga ke nan ba don a zo a zauna aka gina shi ba, masauki ne na mai wucewa.

Daura da ƙofar otal ɗin akwai filin wasa da ake kira Albert Park. A watan Yuni na 1928 aka sare bishiyoyin gefensa, aka sauke wayoyin da suka gitta, domin Charles Kingsford Smith da abokan tafiyarsa uku na tafe daga Hawai a jirgin sama mai suna Southern Cross, bayan sun shafe sama da awa 34 a kan teku ba tare da sun sauka ba. Su ne farkon waɗanda suka tsallaka Pasifik ta sama daga Amurka zuwa Ostireliya. Filin ya ishe su sauka da ƙyar, amma bai isa su tashi da cikakken mai ba, sai da aka kai jirgin wani doron yashi na bakin teku aka ɗura masa mai a can.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo filin jirgi na gaske. Niyu Zilan ta fara gina shi a Nadi, wanda ake furtawa Nandi, aka faɗaɗa shi saboda sojojin saman Amurka. An yi dace da wuri kuwa, domin yammacin babban tsibirin ƙasar, Viti Levu, inda Nadi take, ya fi Suva rana da ƙarancin ruwan sama. Bayan yaƙi sai jiragen kamfanonin Pan Am da Qantas da Canadian Pacific suka riƙa sauka nan shan mai. A 1951 Harold Gatty, wanda ya yi suna wajen nuna wa jirage hanya, ya kafa kamfanin jirgi na cikin gida, shi ne ya zama Air Pacific, a 2013 ya koma sunansa na asali, Fiji Airways.

Sai dai zango yana da aibu guda: ranar da ayari ya daina buƙatar tsayawa, kasuwa ta watse. Hakan ta faru. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka samu jirage masu iya tashi daga Amurka su dira Ostireliya ba tare da sun sha mai a hanya ba, manyan kamfanoni suka riƙa janyewa daga Nadi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ceci Fiji shi ne ta riga ta fara ba mutane dalilin sauka don kanta. Tun shekarun 1960, kafin samun 'yancin kai a 1970, gwamnati ta yi dokar sassauci ga masu gina otal, ta kuma janye harajin kwastan a kan kaya irin su kyamara da rediyo da agogo, har 'yan Ostireliya da Niyu Zilan suka riƙa zuwa sayayya. Aka fara gina masaukai a gaɓar kudu da ƙananan tsibiran Mamanuca, da siffar bukkar gargajiya mai jinka da suke kira bure. Daga baya aka cike fadamar bakin teku a Denarau aka jera manyan otal-otal. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 yawon buɗe ido ya kere sukari wajen kawo kuɗin waje. A ganina riƙe kamfanin jirginsu da suka yi ya fi duk wani talla amfani, don tsibirin da ba shi da jirgin kansa sai yadda masu jirgi suka ga dama da shi.

Akwai abin da ban cika jin ana ambata ba, shi ne ƙasa. Gwamnan mulkin mallaka Arthur Gordon ya hana sayar da filayen 'yan asali, a 1940 kuma wani babban basaraken ƙasar, Ratu Sukuna, ya jagoranci kafa hukumar da ke kula da su. Har yau kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙasar Fiji mallakar zuri'o'i ne da ake kira mataqali, haya kawai ake bayarwa, tana iya kaiwa shekara 99. Don haka otal da yawa 'yan haya ne a filin ƙauyen da ke kusa, daga nan kuma suke ɗaukar ma'aikata. Wannan Gordon ɗin dai shi ya buɗe ƙofar kwaso lebura daga Indiya don noman rake, mutum kusan 60,000 tsakanin 1879 da 1916, cikinsu har da Musulmi, shi ya sa za ka iske masallatai a Nadi da Lautoka da Suva. 'Yan asalin Indiya ne ke riƙe da yawancin shaguna da tasi, amma da wuya ka ga fuskarsu a hoton talla. Can sai ɗan asali da fure a kunne yana cewa “Bula!”, wato sannu.

Baƙon da ya shiga ƙauye ba ya shiga hannu rabbana. Zai cire hula, ya ɗaura zane da ake kira sulu, ya miƙa wa dagaci ƙunshin busasshen saiwar wani tsiro mai suna yaqona, kamar yadda ake kai goro a wajenmu. Sunan wannan gaisuwa sevusevu. A daka saiwar a tace da ruwa cikin babban akushi, a miƙo masa a ɓawon kwakwa. Ya tafa sau ɗaya, ya shanye a tashi guda, ya tafa sau uku. Launinsa kamar ruwan kududdufi, yana kuma sa harshe ya yi nauyi. Otal-otal sun mayar da wannan abin kallon yamma, amma a ƙauye har yanzu neman izini ne.

Siyasa ta sha taka wa kasuwar burki. Juyin mulkin Sitiveni Rabuka a Mayun 1987, da garkuwar da George Speight ya yi da Firayim Minista Mahendra Chaudhry na kwana 56 a 2000, da na Frank Bainimarama a Disambar 2006, kowanne ya kori baƙi. Kowane karo sai a karya farashin ɗaki, a 1987 da 2009 har darajar dalar Fiji aka rage, baƙi su dawo. Wani abin da ya taimaka shi ne rikicin a Suva ake yinsa, baƙi kuwa suna can yamma, tafiyar awa uku zuwa huɗu a mota.

Korona ce ta fi duka muni. An rufe iyaka a Maris 2020, ga harkar da ke riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na tattalin arziki ta tsaya cak. Ma'aikatan otal suka koma ƙauyukansu, ga filin da ba a sayar ba, suka kama noman rogo da gwaza da kamun kifi. A birane kuwa aka koma ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda a Facebook, mai kaza ya nemi mai buhun shinkafa. Haka aka zauna wata 20, sai ranar 1 ga Disamba 2021 jirgin Fiji Airways ɗauke da 'yan hutu ya taso daga Sidni ya sauka Nadi.