Kada ka bari a yi wa laftof ɗinka fomatin tukuna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai laftof ɗin da ke ƙas-ƙas tana sandarewa, ga furojet ɗinka na shekarar ƙarshe a ciki, har wani ya ce ka kai a sake mata Windows, don Allah kada ka kai. In ma a kunne take yanzu, kashe ta. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa, don na san wannan ƙarar.

Haddis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin da ke cikin laftof ɗin, shi ne ke shirin mutuwa. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Wannan ƙas-ƙas ɗin hannun ne ke neman wurin karatu ya rasa, ya koma, ya sake dawowa. Duk kunnawar da ka yi "bari in ƙara gwadawa", kana iya kankare faifan, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan.

Ni sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki. Tawa kwamfutar ta fara wannan halin ina tsaka da haɗa aikin wani biki, kamu da ɗaurin aure da wuni duk suna ciki, kuma an riga an biya ni. Na kai wa wani mai gyara, na ce masa, Malam, amanar mutane ce a ciki, cire min fayilolin kawai, kada ka taɓa komai. Har folda na nuna masa. Ya ce in kwantar da hankalina, bairos ne. Da na dawo sai ya miƙo min ita yana murmushi, wai ya mayar min da ita sabuwa fil. Ya yi fomatin, wato ya share komai da ke haddis ɗin, ya ɗora Windows, ya ƙara min da finafinai wai kyauta. Na ce ina aikina? Sai ya ce, "Au, ai ba ka ce kana so ba." Jama'a, a gaban yaransa na faɗa masa! Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a kan bencinsa, shi kuwa ya ci gaba da cin gyaɗarsa yana tambayata cikon kuɗin aiki. Har yau in na bi ta layin nan sai na kau da kai.

Abin da ya fi ƙona min rai, mahaifin amaryar ya rasu ba da daɗewa ba bayan bikin. Mahaifiyarta ta aiko a ce ba ta neman bidiyo, ba ta neman kuɗinta, hoton da na ɗauke shi yana sa wa 'yarsa albarka kawai take so. Na sa manhajojin dawo da fayilolin da aka goge, Recuva da PhotoRec, wasu hotuna suka fito ba suna, wasu rabi hoto rabi toka-toka. Wancan ɗin bai fito ba, Windows da finafinan sun hau kansa. Da bakina na je na faɗa wa Hajiya. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ni kuwa da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na bar shi da Allah.

To, kafin komai ma, duba imel da WhatsApp ɗinka. Babin da ka taɓa tura wa malaminka ko abokinka yana nan, wataƙila rabin aikin ba ka rasa shi ba.

Sannan a cire haddis ɗin a gabanka, a sa masa wayar jona haddis, wato SATA mai zuwa USB, a jona a wata kwamfutar lafiyayya. In ya buɗe, furojet za ka fara kwafa, sai takardu, sai hotuna. Bar waƙoƙi da finafinai. Fayil ɗin da ya maƙale, tsallake shi. Kada kowa ya yi masa chkdsk ko difirag, wato manhajojin Windows na duba haddis da sake jera fayiloli, wahalar da shi za su yi ya ƙarasa. Duk abin da aka ceto a zuba shi a wani wuri daban. In kana da wanda ya iya Linux, wani tsarin kwamfuta irin Windows, shirin kwafe haddis mai suna ddrescue ya fi, don yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sai daga baya ya koma kan masu matsala. CrystalDiskInfo, shirin duba lafiyar haddis, kyauta ne, in ya nuna ruwan ɗorawa ya rubuta Caution, duba layin 05 da C5, su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace. Ka kuma bincika ko BitLocker, makullin Windows da ke rufe bayanan haddis, na kunne, in haka ne nemi mabuɗinsa a asusunka na Microsoft, in babu mabuɗin ko an jona ba zai buɗe ba.

Idan kuwa ƙarar kawai yake yi kwamfuta ba ta ganinsa, babu manhajar da za ta taimaka. Sai masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, kuma da tsada. Masu cewa a sa a firiza, rabu da su, raɓa ce za ta kwanta a kan faifan. Kada a kwance shi a kan teburin shago, ballantana da ƙurar hunturu.

Wani zai ce sayi SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, ka huta. Saya, ta fi sauri nesa ba kusa ba, ni ma ita nake amfani da ita. Amma ita ba ta ƙara, rana ɗaya kawai za ka kunna ka ga babu, kuma abin da aka goge a cikinta dawo da shi ya fi wuya. 

Yanzu ni kowane aiki wuri uku yake: kwamfuta, haddis na waje da nake cirewa in na gama, da intanet. Google na ba da 15GB kyauta, haɗe da Gmail da hotunanka, OneDrive na Microsoft kuma 5GB, ai furojet ko kusa ba zai cika su ba. Masu ajiya a ɓangaren D na kwamfuta maimakon C suna ganin sun tsira, C da D galibi haddis ɗaya ne aka raba, tare za su tafi. Filash ɗin banza kuma mai rubuta 1TB a kuɗin katin waya, ƙarya ne, gwada girmansa da manhajar H2testw kafin ka ba shi amana.

Faɗa mana: tana kaiwa ga buɗe Windows ko tun farko take tsayawa? Ƙarar kullum ce ko jefi-jefi? Kuma in za ka kai wa mai gyara, ja kujera ka zauna kusa da shi har ya gama. Allah ya fito maka da aikinka.