Kai da ke neman malamin kiɗa naka na kanka

Ka ce a cikin taron yara ba ka samun a gyara maka hannu, kana son malamin da zai zaunar da kai kai kaɗai, ta ina za ka fara? Inda ake samun makaɗa dai ba sai na gaya maka ba, yaron goye ma ya sani. Abin da ku yaran yanzu ba ku gane ba shi ne iya kiɗa daban, iya koyarwa daban. Da kun ga hannun mutum yana gudu a YouTube, shi ke nan an samu malami. Rabu da hannunsa, je ka duba hannun yaransa. In ka ga sun ƙanƙame gula, bugu yana fitowa daga kafaɗa maimakon wuyan hannu, kama gabanka.

Tambayar nan taka ma ta tayar mini da wani tsohon miki. Wani mai hali ya taɓa kawo mini ɗansa, wai in koya masa kalangu shi kaɗai kafin wani taro da yake son yaron ya burge mutane. Na ce ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kalangu ba duka ba ne kawai. Ka matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ka sassauta ta sauka, da haka yake magana, kuma wanda kunnensa bai buɗe ba ko ya shekara yana matsa, hayaniya zai yi. Yaron nan ko bugu ɗaya ba ya iya riƙewa, yanzu ya yi gaba, anjima ya ja baya. Sai na ɗora shi a kan kuntuku, 'yar ƙaramar gangar nan, inda muka faro. Uban ya zo yana huci, wai shi ba kuɗin kuntuku yake biya ba. Alhali ko sisi bai ba ni ba, kullum sai "idan an gama za mu yi lissafi".

Ana nan ya ce a ba yaron aron kalangu ya riƙa motsa hannu a gida. Ya nuna wanda na gada daga maigidana, Allah ya ji ƙansa, wanda ni da hannuna na ɗaura wa fata. Da mutumin ya dawo da shi, daga bayan mota direba ya jawo shi, ashe can yake kwana yana wuni cikin rana. Fata ta tsage, kangon, wato itacen jikinsa, ya dare tun daga baki har ƙugu. Fata ana sakewa, tsirkiya ana sakewa, amma kango in ya dare an gama, ko an liƙe muryar ba ta dawowa. Ka san me ya ce mini? Wai ai itace ne da fata. Har yau haƙƙina yana wuyansa, kuma yana yawo yana cewa ni ne na kasa koya wa ɗansa.

Saboda haka in malami ya ce a yanke magana tun farko, nawa ne, sau nawa a mako, yaya za a yi ranar da ka yi fashi, kar ka ce son kuɗi gare shi. Irin mutumin can ne suka koya mana. Kai ma kar ka zube kuɗin watanni tun ba ku zauna sau ɗaya ba. A zaman nan ka lura a hannun wa gula ta fi daɗewa. In shi ke ta kiɗa kana kallo, ɗan kallo ya samu. In ya tsare ka a kan bugu ɗaya har ka ƙosa, yana tsayar da kai yana murɗa maka wuyan hannu, wannan ka riƙe shi, ko da ba kowa ya san sunansa ba.

Kuma ka nemi abin kiɗanka kafin ka je. Nawa kam, ko kai ba zan ba ka aro ba.