Me ya sa ake ta yabon kakar AHL ta 2004 zuwa 2005?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masu bin hokin ƙanƙara ke cewa ba a taɓa kaka mai zafi a AHL, gasar mataki na biyu ta Amurka da Kanada, kamar ta 2004 zuwa 2005 ba, alhali ƙaramar gasa ce.

Rikicin albashi ne sila. Masu kulob-kulob na NHL, wato babbar gasar da ke saman AHL, sun kulle wa 'yan wasa ƙofa, har aka soke kakarsu baki ɗaya a Fabrairun 2005. Faɗuwar wani tashin wani: matasan da ya kamata su buga a babbar gasa sai suka sauko AHL. Jason Spezza ya buga wa Binghamton Senators, ya tara maki 117, aka ba shi gwarzon shekara. Eric Staal yana Lowell, Ryan Miller kuma yana tsaron ragar Rochester.

Ni dai ƙarshen ne ya fi burge ni. Philadelphia Phantoms ta samu ƙarin wasu yara biyu, Jeff Carter da Mike Richards, da suka fito daga gasar matasa ta Kanada daidai lokacin wasannin fitar da gwani. A zagayen ƙarshe suka lallasa Chicago Wolves sau huɗu a jere, suka ɗaga kofin Calder, wato kofin zakaran AHL. Mutum 20,103 ne suka cika filin a wasa na huɗu, a ƙaramar gasa fa! Mai tsaron ragarsu ɗan Finland, Antero Niittymäki, shi ya lashe kyautar gwarzon wasannin.

Kuma a kakar ce aka gwada raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida, NHL ta ɗauka da ta dawo.