Amsa ga 'yar'uwar da mijinta ke karkarwa bayan fara maganin ciwon damuwa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce mako biyu ke nan da maigidanki ya fara shan maganin ciwon damuwa, sai ga hannunsa na karkarwa, ya kasa zama wuri ɗaya, har dangi sun fara cewa iska ce, kina tambaya ko ya daina sha. Allah Ya ba shi lafiya. Irin wannan ya taɓa samuna, shi ya sa na kasa yin shiru.

Da likita ya ɗora ni a kan maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine, miligiram 20 kowace safiya, ban cika kwana 10 ba ƙafafuna suka hana ni sakat. Babu inda ke mini ciwo, amma wani abu daga ciki yana ta ingiza ni in tashi, har zaman tahiya ya zame mini aiki, tsakar dare kuma ina zagaye tsakar gida yara na barci. In na ɗauki kofin shayi sai ya zube mini a zani. Da na koma asibiti, likita ya ce sunan abin akatisiya, kuma maganin ne ya jawo shi, domin yana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, wannan kuwa kan danne dofamin mai daidaita motsin jiki. Ya fi zuwa a makonnin farko ko bayan an ƙara yawan magani, kuma wasu cizon haƙora suke yi cikin barci, wasu wuyansu ke murɗewa. Ya rage mini maganin, ya tabbatar ba ni da asma, sannan ya haɗa mini da propranolol, maganin da ke rage karkarwa amma bai dace da mai asma ba, a hankali jikina ya lafa.

Don Allah kada ya yanke maganin da kansa, domin yin haka kan kawo jiri da tashin zuciya, damuwar ma ta dawo. Ku ci gaba da addu'a, amma ku koma wurin likitansa cikin kwanakin nan, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku tafi da duk abin da yake sha, har na gargajiya, musamman maganin amai metoclopramide, wanda shi kansa yana jawo irin wannan motsi, da kuma tramadol, wanda haɗa shi da irin waɗannan magungunan ciwon damuwa haɗari ne babba.

In kin ga zazzaɓi da zufa da fizgar tsoka da ruɗewa, ko kika ji yana cewa ya gaji da rayuwa, ku nufi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Kafin ku je kuma, in ya yarda, ki ɗauki karkarwar a bidiyo da wayarki, domin sau da yawa a gaban likita sai ta lafa.